Bar 207 da Yamma, 190 da Safe: Ina Iskar Mai Nutso Ta Tafi?

Duk wanda ya taɓa raka babansa ko yayansa wajen mai faci ya san yadda ake yi. A sa wa taya iska, a danna mata ɗan ma'auni, mai faci ya duba ya ce ta yi. Tayar ƙaramar mota takan ɗauki matsin iska bar 2 zuwa 2.5. To a wannan makon za mu leƙa wani shago da shi ma iska yake sayarwa, sai dai matsin tasa ya ninka na mai faci kusan sau ɗari, kuma wanda ya saya, da ita zai yi numfashi a ƙarƙashin teku.

Irin waɗannan shaguna suna da yawa a garuruwan gaɓar Bahar Maliya a ƙasar Masar, kamar Hurgada da Dahab, inda mutane ke zuwa daga ƙasashe daban-daban don su nutsa su kalli kifaye da murjani. Mu ƙaddara wani mai nutso ya kai tukunyarsa ɗaya daga cikin shagunan da yamma. A gaban idonsa aka cika ta, allurar ma'auni ta hau har bar 207, ya biya ya tafi. Washegari da safe, yana cikin kwalekwale, ya ɗaura nasa ma'aunin, sai ya ga 190. Ya shafa ruwan sabulu a bakin tukunyar, babu kumfa ko ɗaya, wato ba yoyo take ba. To ina bar 17 suka shiga? Mai shago ne ya yi masa ƙwange, ko kuwa ma'auninsa ne ya lalace?

Amsar tana cikin darasin da yawancinmu muka riga muka yi a ajin Fiziks. Amma kafin mu kai gare ta, bari mu fara sanin tukunyar kanta.

Me ke cikin tukunyar?

Mutane da yawa suna kiranta tukunyar oksijin. Wannan kuskure ne. Abin da ake ɗura wa mai nutso na yau da kullum iska ce irin wadda muke shaƙa yanzu haka, mai kashi 21 cikin 100 na oksijin da kashi 78 na naitirojin, an dai tace ta, an busar da ita, an matse ta. Zallar oksijin tana zama guba ga jiki idan aka shaƙe ta a zurfin da ya wuce mita 6, har takan sa mutum ya yi farfaɗiya a cikin ruwa.

Kayan nutson da ake goyawa a baya, waɗanda ake kira sukuba, sun samu karɓuwa ne bayan 1943, shekarar da wasu Faransawa biyu, Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan, suka ƙera na'urar da suka sa wa suna Aqua-Lung. Sirrin na'urar shi ne regileta. Mun san regileta a kan tukunyar gas ta girki, mai rage ƙarfin gas kafin ya isa murhu. Ta mai nutso ma aikinta ke nan, amma hawa biyu gare ta. Hawan farko yana sauko da matsin daga wajen bar 200 zuwa wajen bar 10 sama da matsin ruwan da ke kewaye. Hawa na biyu, wanda ke bakin mai nutso, yana ba shi iska daidai da matsin ruwan, kuma sai ya ja numfashi take buɗewa.

Tukunyar da aka fi gani a shagunan haya a duniya ta alminiyam ce, ana ce mata AL80. Cikinta bai wuce lita 11 da ɗan ɗoriya ba, wato ko rabin jarkar 'yan garuwa mai lita 25 bai kai ba. Amma idan ta cika, iskar da ke cikinta za ta kai lita 2,200 in an sake ta a fili. Duro 11 ke nan na lita 200, an cusa su cikin abin da mutum zai runguma da hannu biyu. Iskar nan har nauyi gare ta: tukunyar da ta cika ta fi wadda babu komai a ciki nauyi da fiye da kilo biyu da rabi.

Bar da psi

Ma'auni biyu ake amfani da su. Turai da Masar da yawancin ƙasashen duniya suna lissafi da bar. Amurka kuma tana lissafi da psi, wato nauyin fam nawa ke danna kowane inci murabba'i. Bar ɗaya daidai yake da psi 14.5. Saboda haka psi 3,000, idan muka raba da 14.5, zai ba mu bar 207.

Bar ɗaya kusan shi ne nauyin iskar sararin samaniya da ke danna mu a bakin teku, kuma ya yi daidai da kusan kilo ɗaya a kan kowace santimita murabba'i. Ku dubi farcen ɗan yatsanku, faɗinsa kusan santimita murabba'i ɗaya ne. A cikin tukunyar da ke da bar 200, kowane wuri mai faɗin farcen nan yana ɗauke da nauyin kilo 200, wato buhun siminti huɗu. Haka abin yake a ko'ina a bangon tukunyar, sama da ƙasa da gefe, dare da rana. Wannan ne dalilin da ya sa ba a wasa da lambobin da za mu gani a gaba.

Lambar da ke kafaɗar tukunya

Tambayar "matsi nawa ya kamata a cika mini?" ba mai shago ke da amsarta ba, ba kuma mai tukunya ba. Kamfanin da ya ƙera tukunyar ya riga ya buga amsar da hatimin ƙarfe a kafaɗarta, kusa da wuya. A nan ake ganin ƙarfen da aka yi ta da shi, da lambarta, da watan da shekarar da aka fara gwada ta, da kuma matsin aikinta, wato iyakar da aka yarda a cika ta.

A tukwanen Amurka na alminiyam za a ga rubutu kamar DOT-3AL 3000. Lambar ƙarshen ita ce matsin aiki da psi. A na Turai kuma ana rubuta WP ko PW, sannan lamba da bar. Ga waɗanda aka fi cin karo da su:

Tukunyar alminiyam AL80: psi 3,000, wato bar 207.

Tukunyar ƙarfe ta Amurka mai ƙaramin matsi: psi 2,400, wato wajen bar 165. Idan an buga mata alamar tarawa (+) kusa da ranar gwaji, an yarda a ƙara kashi 10 cikin 100, ta kai psi 2,640.

Tukunyar ƙarfe ta Amurka mai babban matsi: psi 3,442, wato wajen bar 237.

Tukwanen ƙarfe na Turai: bar 200, ko 232, ko 300.

Kun ga ke nan babu lamba guda da ta dace da kowace tukunya. Bar 180 cika ce taf ga tukunyar ƙarfe mai psi 2,640, amma ga mai bar 300, rabi ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Tukwane biyu za su iya yin kama da juna a ido, ɗaya tana ɗaukar 232, ɗayar kuma 165. Shi ya sa aikin farko na mai cikawa shi ne karanta kafaɗa, kafin ya taɓa kowane bawul.

Har bakin tukunyar ma an ƙera shi don ya hana kuskure. Nau'in bawul da ake maƙala wa regileta da ƙugiya iyakarsa bar 232. Akwai kuma nau'in DIN, wanda ake murɗa regileta a cikinsa kamar noti. Na bar 232 yana da zaren murɗi 5, na bar 300 yana da 7. Regiletar da aka yi don 232 gajera ce, ba za ta kama a bawul na 300 ba. Da gangan aka yi haka.

Akwai abu ɗaya kuma da mutane suka fi mantawa. Matsin aikin da aka buga a kafaɗa yana da sharaɗin zafi. A dokar Amurka, lambar tana nufin matsin da tukunya ke da shi a digiri 21 na Salshiyas. A Turai digiri 15 ne. A wannan sharaɗin ne amsar tambayarmu take.

Inda bar 17 suka tafi

Wanda ya taɓa hura tayar keke da famfon hannu ya san gindin famfon yakan yi zafi. Duk lokacin da aka matse iska, zafi take yi. Injin shagon nutso, wato kwamfaresa, yana matse iskar ne hawa uku ko huɗu, yana sanyaya ta tsakanin kowane hawa. Duk da haka, da ta shiga tukunya tana ƙara matse wadda ta riga ta shiga, zafi ya sake tashi. Tukunyar da aka cika da sauri, in ka ɗora mata hannu, za ka ji ta da ɗumi sosai.

Yanzu mu tuna darasinmu. Idan iska tana rufe a mazubin da girmansa ba ya canjawa, matsinta yana hawa ne tare da zafinta, yana kuma sauka tare da shi. Wani Bafaranshe mai suna Guillaume Amontons ne ya lura da haka tun farkon shekarun 1700, kodayake littattafai da yawa suna kiran ƙa'idar da sunan Gay-Lussac. Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Ƙwayoyin iska masu zafi sun fi gudu, suna dukan bangon tukunya da ƙarfi kuma a kai a kai. In sun huce sai dukan ya ragu. Yawansu bai canja ba, ƙarfin dukansu ne ya canja.

Don yin lissafin, dole mu mai da zafin zuwa ma'aunin Kelbin, wato mu tara 273 a kan digirin Salshiyas. Mu ce iskar tukunyar mutuminmu ta kai digiri 50 lokacin da aka rufe bawul. Kelbin 323 ke nan. Da safe ta huce zuwa digiri 25, wato Kelbin 298. Sai mu ninka 207 da 298, mu raba da 323. Amsa ita ce 191. A aikace ma takan ɗan fi haka sauka, domin iskar da aka matse sosai ba ta bin lissafin aji sau da ƙafa.

Ashe babu iskar da ta fita, ko ƙwaya ɗaya. Tun jiya tukunyar ba ta cika ba, zafi ne ya kumbura lambar. Mai shago bai saci komai ba, amma ya yi gaggawa. Kuma in mutumin ya faɗa ruwan da ya fi iskar waje sanyi, allurar za ta ƙara sauka kaɗan tun bai ja numfashi ko ɗaya ba.

Ta yaya masu shagon kirki suke magance wannan? Na farko, suna cikawa a hankali. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a wuce bar 20 zuwa 40 a minti ɗaya, wato tukunya guda ta ɗauki minti biyar zuwa goma ko fiye. Na biyu, suna barin tukunyar ta huce na wasu sa'o'i, sannan su dawo su ƙara mata abin da ya ragu. Wasu kuma suna tsoma tukwanen a kwamin ruwa lokacin cikawa don ruwan ya janye zafin, amma sai an kula ƙwarai, domin ɗigon ruwa ɗaya da ya maƙale a bakin bawul, iska za ta tura shi ciki, ya je ya fara cin ƙarfe.

Saboda haka ga abin da mai tukunyar AL80 zai sa rai. Idan ta huce ya ga tsakanin bar 200 da 207, an cika masa da kyau. Idan ya ga 190, cikar gaggawa ce, yana da haƙƙin ya ce a ƙara. Idan kuwa ya ga 170 ko ƙasa da haka, kada ya yi shiru: ko dai ba a cika ba, ko akwai yoyo. Kuma ya tuna cewa ma'aunai biyu ba su cika yin daidai da juna cif-cif ba, bambancin 'yan bar kaɗan tsakanin nasa da na shago ba abin faɗa ba ne.

Me zai hana a yi masa gyara?

A kasuwa, in ka sayi gyaɗa, kana iya cewa a yi maka gyara. Wani zai ce to me zai hana mai shago ya zarce zuwa 250, kowa ya huta? A nan gyara haɗari ce, kuma wanda ya fi kusa da haɗarin shi ne mai cikawar, domin yawancin tukwanen da suka taɓa fashewa, lokacin cikawa suka fashe.

Duk cikawa tana ɗan miƙar da ƙarfen tukunya, duk sauke iska kuma tana mai da shi. Kamar wayar da ake lanƙwasawa ana miƙewa, ƙarfe yana gajiya. In ana wuce iyaka, gajiyar takan zo da wuri. Shi ya sa ake yi wa tukwane gwaji iri biyu. A Amurka da wasu ƙasashe da yawa, duk shekara ana cire bawul a leƙa ciki da fitila, a nemi tsatsa ko rami ko tsaga a wuya. Duk shekara biyar kuma ana yin babban gwaji: a cika tukunyar da ruwa, a matse ta fiye da matsin aikinta, a auna yadda ta buɗe da yadda ta koma. Tukunyar psi 3,000 ana kai ta 5,000. Ta bar 232 ana kai ta 348, lambar da ake bugawa a kafaɗa bayan haruffan TP ko PT ko PH. Wannan lamba ta gwaji ce kawai, ba a taɓa cika iska zuwa can.

Me ya sa da ruwa ake gwajin? Saboda ruwa ba ya matsuwa sai ɗan kaɗan, don haka ba ya tara ƙarfi. In tukunya ta tsage da ruwa a ciki, tsartuwa kawai zai yi. Iska kuwa kamar sifirin take da aka danne. In ta samu hanya, lita 2,200 za su nemi komawa girmansu a cikin ƙiftawar ido, su yi jifa da gutsattsarin ƙarfe. Tukunyar da ta ci gwaji ana buga mata sabuwar rana a kafaɗa. Wadda ranarta ta wuce, shagon kirki ba zai cika ta ba ko an yi magiya.

Ƙa'idar zafi da matsi tana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Tukunyar da ke da bar 200 a digiri 20, in aka bar ta a but ɗin mota a rana har ta kai digiri 60, lissafi zai ba mu 200 sau 333 a raba da 293, wato bar 227. Tukunya lafiyayya za ta jure wannan. Amma wadda aka riga aka zarce da ita tun a shago, ta ƙara matsawa kusa da iyaka. Don irin wannan ne bawul ɗin tukwanen Amurka yake da wani siririn faifan ƙarfe da aka yi shi don ya fashe ya saki iska kafin tukunyar kanta ta fashe.

Akwai kuma wani abin mamaki. Sama da bar 200, iska tana fara ƙin matsuwa, domin ƙwayoyinta sun yi cunkoso. Tukunya mai lita 12 a bar 300, lissafin aji zai ce tana da lita 3,600, amma ainihin abin da ke ciki ya gaza haka da kusan kashi 10 cikin 100. Wato kowace bar da aka ƙara a can sama, haɗarinta ya fi yawa, ribarta kuma ta fi ƙanƙanta.

Bar 17 minti nawa ne?

Wani zai ce, to duk wannan magana a kan bar 17? Mu mai da su mintuna mu gani. A nan sai mu gayyato Robert Boyle, wanda ya wallafa ƙa'idarsa a 1662: in matsi ya ninka, girman iska ya koma rabi.

A saman ruwa, matsin da ke kanmu bar 1 ne. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara bar 1. A mita 10 bar 2 ne, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Huhun mai nutso girmansa ɗaya ne a sama da ƙasa, amma a mita 20 sai an ba shi iska mai matsi sau uku kafin ya cika. Wato kowane numfashi yana cinye ninki uku na abin da yake ci a sama.

Mu ce mutuminmu yana shaƙar lita 20 a minti idan yana iyo a hankali a saman ruwa. A mita 20 zai ci lita 60. Ƙa'idar da ake koya wa masu nutso ita ce su fito da aƙalla bar 50 a tukunya, don ko-ta-kwana, da kuma don kada tukunya ta zama fanko danshi ya shiga. Da bar 207, abin da zai kashe shi ne 157. Mu ninka da lita 11, mu samu lita 1,727. Mu raba da 60, ya ba mu kusan minti 29. Da bar 190 kuwa, 140 sau 11 lita 1,540 ne, kusan minti 26. Da 170, minti 22 kacal.

Minti uku ba su da yawa a wajen kallon ƙwallo. Amma mai nutso ba ya tasowa sama da gudu. Naitirojin da ya narke a jininsa a ƙasa yana buƙatar lokaci ya fita, in ba haka ba ya yi kumfa a jiki kamar lemon kwalba da aka buɗe da sauri. Saboda haka a hankali ake hawowa, kuma an saba tsayawa minti 3 a zurfin mita 5. Tsayawar nan tana cin lita 20 sau 1.5 sau 3, wato lita 90. Bar 17 da suka ɓace kuwa lita 187 ne. Kun ga sun isa mutum biyu su yi wannan tsayawa, shi da abokin nutsonsa in iskar abokin ta ƙare suka raba tukunya ɗaya. Kuma wanda ya firgita, numfashinsa yakan ninka sau biyu ko fiye.

Matsalar ba ta shiga ruwa da bar 190 ba ce. Ana iya yin nutso lafiya lau da 190 in an san 190 ɗin ce aka tsara lokaci a kanta. Matsalar ita ce mutum ya tsara tafiyarsa da lambar jiya, alhali yana goye da iskar yau.

Darasin kogon Tham Luang

Wurin da wannan lissafi ya fi tsanani shi ne cikin kogo, inda dutse ke saman kai, babu damar tasowa. A ranar 23 ga Yuni, 2018, yara 12 'yan wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa, masu shekara 11 zuwa 16, wato sa'o'in da yawa daga cikinmu, suka shiga kogon Tham Luang a lardin Chiang Rai na ƙasar Tailan tare da kocinsu. Ruwan sama ya cika hanyar fita, suka maƙale. Sai ranar 2 ga Yuli wasu masu nutso biyu 'yan Birtaniya, John Volanthen da Rick Stanton, suka gano su da ransu a can cikin kogon.

Hanyar zuwa wurinsu tana cin sa'o'i, cikin ruwa mai laka da matsattsun ramuka, kuma babu tukunya ɗaya da za ta kai mutum ta dawo da shi. Dole aka riƙa cika ɗaruruwan tukwane, ana shiga da su ana jerawa a kan hanya, don mai wucewa ya ajiye wadda ta yi ƙasa ya ɗauki cikakkiya. A wannan aiki ne Saman Kunan, tsohon sojan ruwan Tailan da ya zo taimako don raɗin kansa, ya rasa ransa ranar 6 ga Yuli. Ya kai tukwane ya ajiye, a hanyar dawowa ya suma a cikin ruwa, abokin nutsonsa ya yi ƙoƙarin ceto shi amma bai farfaɗo ba. Daga ranar 8 zuwa 10 ga Yuli aka fito da yaran duka da kocinsu.

Masu nutson kogo suna da ƙa'idar da suke kira ta kashi uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ajiya. Wanda ya fara da bar 210, da allura ta sauka zuwa 140 zai juya, komai kusancinsa da inda ya nufa. Wanda ya fara da 180, a 120 zai juya. Lissafin duka yana rataye ne a kan lambar farko, kuma ana karanta ta ne a bakin ruwa, bayan tukunya ta huce.

Ba yawa kaɗai ba, har da tsabta

Tukunya tana iya cika taf amma da iskar da za ta kashe mutum. Mun sha jin labarin iyalan da hayaƙin janareta ya hallaka suna barci. Gubar da ke cikin hayaƙin, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari. In injin kwamfaresa yana zuƙo iska kusa da salansar janareta ko ta mota, gubar za ta shiga tukunya. A mita 30 kuma, kowane numfashi yana ɗauke da ninki huɗu nata. Shi ya sa ake kai bakin bututun zuƙo iska nesa da hayaƙi, ake kuma sauya matatun da ke cire mai da danshi a kan lokaci. Mai nutso yakan buɗe bawul kaɗan ya sansana, in ya ji warin mai ko hayaƙi, ya mayar da tukunyar.

A nan za mu ja kunnen masu son gwaje-gwaje. Injin mai faci ba na numfashi ba ne. Matsinsa bai wuce wajen bar 10 ba, iskarsa kuma cike take da tururin mai. Kada wani ya ɗauki tiyo ko tsohuwar tukunyar gas ya nufi dam ko kududdufi ko rijiya. Wanda ya shaƙi matsattsiyar iska a ƙasan ruwa ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta faɗaɗa a ƙirjinsa kamar yadda Boyle ya faɗa, kuma ko daga zurfin mita biyu tana iya yaga huhu. Nutso da tukunya sana'a ce da ake koya a hannun ƙwararru, kuma akwai masu cin abinci da ita a tashoshin jiragen ruwa, da wuraren haƙar mai a teku, da rundunar sojan ruwa, da binciken kimiyya.

Gwada kanka

Ku ɗauko biro da takarda, ku rufe amsoshin da hannu tukuna.

1. An cika tukunya zuwa bar 232 alhali iskar cikinta tana digiri 47. Nawa ma'auni zai nuna in ta huce zuwa digiri 27?

2. Wata mai nutso tana da tukunya mai lita 12 da bar 200. Tana shaƙar lita 18 a minti a saman ruwa, kuma tana so ta rage bar 50. Minti nawa iskar za ta kai ta a zurfin mita 10?

3. An buga 3442 a kafaɗar wata tukunyar Amurka, ma'aunin shagon kuma na bar ne. A wace lamba ya kamata allura ta tsaya bayan tukunyar ta huce?

Amsoshi: ta ɗaya, 232 sau 300 a raba da 320, wato bar 217.5. Ta biyu, 150 sau 12 lita 1,800 ne, a raba da 36, minti 50. Ta uku, 3,442 a raba da 14.5, wato wajen bar 237. Wanda ya samu 133 a tambaya ta farko, ya manta bai tara 273 ba. Ya koma ya sake, sannan ya kai wa malamin Fiziks ya duba masa.